Leyon Tesaran, mutumin da ya gano rufin iska

In damina ta tsaya, ku fita bayan gari da la'asar, ku dubi gabas. Sau da yawa za ku ga hadari yana haɗuwa. Da fari girgije ne fari, kamar tarin kaɗa a kasuwa. Yana hawa, yana kumbura, har ya fi kowane dutse tsawo. Can sai kansa ya daina hawa. Sai ya baje, ya yi faɗi, ya koma kamar uwar maƙera. Haka hayaƙi ya ke yi in an hura wuta cikin ɗaki: ya tashi, ya iske rufi, ya bazu.

Hayaƙi dai rufin ɗaki ya tare shi. Girgije fa, mi ya tare shi? A can sama ido ba ya ganin kome sai shuɗi. Kafin shekara ta 1902 ba wanda ya san amsa. Wanda ya samo ta wani Bafaranshe ne, Leyon Tesaran. Da faransanci ana rubuta sunansa Léon Teisserenc de Bort. Abin mamaki, ya samo ta ne yana tsaye a ƙasa. Kwanduna ya riƙa aikawa sama, su je su dawo masa da labari.

Gidansu da aikinsa na fari

An haifi Leyon a birnin Pari ran 5 ga watan Nuwamba 1855. Gidansu gidan arziki ne. Ubansa, Edimon Tesaran, injiniya ne da ya san aikin hanyar jirgin ƙasa. Ya yi ministan noma da kasuwanci, daga baya ya zama jakadan Faransa a birnin Biyen na ƙasar Otirish. Ɗan irin wannan gida yana iya zama ya ci ya sha har ya tsufa, ba wanda zai ce masa don mi. Leyon kuwa sai ya zaɓi aikin duban iska da ruwan sama.

A 1880 yana cikin ma'aikatan babban ofishin meteyo na Faransa. Aikin wannan ofishi shi ne tara awon da a ke yi a garuruwa dabam-dabam: zafi nawa aka yi, ruwa nawa ya zuba, iska daga ina ta buso. A lokacin nan Faransawa ba su daɗe da fita daga wani mugun ɗari ba. A watan Disamba 1879 sanyi ya yi tsanani har kogin Sen, wanda ya ratsa Pari, ya daskare. Tesaran ya so ya san dalili. Ya baza taswirori, ya yi ta gwada wata da wata. Sai ya lura akwai waɗansu wurare a duniya inda iska mai nauyi ta ke taruwa ta zauna, kamar kan tsibiran Asor a tekun Atilantika, akwai kuma inda ta ke da sauƙi, kamar wajen tsibirin Islanda. In waɗannan wurare sun gusa daga mazauninsu, sai lokacin ɗari na Turai ya sāke. Har yanzu masu aikin meteyo suna amfani da wannan tunani nasa.

Ya zo Afirka ma. A 1883, da 1885, da 1887, ya yi tafiya a Afirka ta arewa, ƙasashen da Faransa ta mallake a lokacin. Ya duba duwatsu, ya kuma auna ƙarfin nan na ƙasa da ke sa allurar matafiya ta nuna arewa. A 1892 aka ba shi babban muƙami a ofishinsu.

Amma akwai abin da ke damunsa. Duk awon da a ke yi, a ƙasa a ke yinsa. Ruwa kuwa ba a ƙasa ya ke haɗuwa ba. Kamar mutum ne ya zauna bakin rijiya yana son ya san abin da ke gindinta, amma ba shi da guga.

Sama mai kisa

Mutane sun san abu ɗaya tun da daɗewa: in ka hau, sanyi ya ke ƙaruwa. Mutanen Ayar sun san haka, don kan dutsen Bagzan, wanda tsawonsa ya ɗan wuce metir 2000, ya fi Agadas sanyi ƙwarai. Masana sun auna, sun ga kowane kilometir ɗaya da aka hau, zafi yana raguwa da digiri 6 da rabi, ko kusa da haka. Ku yi lissafi da kanku. In ma'auni ya nuna digiri 33 a filin makarantarku, kilometir nawa za a hau kafin ruwa ya daskare? Kamar 5 ke nan. Daga can ƙanƙarar da ke faɗowa wani lokaci da damina ta ke zuwa.

Saboda haka kowa ya ɗauka sanyi zai yi ta ƙaruwa ke nan, ba iyaka, har inda iska ta ƙare. Don a tabbata, sai an hau. Jirgin sama kuwa babu shi tukuna. Abin da a ke da shi balan-balan ne: ƙatuwar jaka mai kama da tulu, a cika ta da wata iska wadda ba ta kai tamu nauyi ba, a rataya mata kwando, mutane su shiga.

Hawan nan yana da haɗari. In an yi nisa iskar shaƙa tana ƙaranci, mutum ya ji barci, hannuwansa su mutu. A 1862, a Ingila, wani masani mai suna Gilesha ya suma cikin kwando. Abokin tafiyarsa, Kokiswel, hannuwansa sun sandare don sanyi. Da haƙori ya ja igiyar da ke sakin iska, balan-balan ya sauko, suka tsira. A Faransa abin bai zo da sauƙi haka ba. Ran 15 ga watan Afirilu 1875 mutum uku suka tashi daga Pari cikin wani balan-balan mai suna Zenit. Sun wuce metir 8000. Duk ukun suka suma. Da Gaston Tisanje ya farfaɗo, sai ya iske abokansa biyu, Sibel da Korose-Sipineli, sun mutu. Shi ma ya sauko da kurumta. Tesaran yana ɗan shekara 19 sa'ad da aka yi wannan.

A 1892 waɗansu Faransawa biyu, Ermit da Bezanson, suka kawo wata dabara. Tun da mutum ba ya iya jure wa sama, a bar mutum a ƙasa. A saki ƙaramin balan-balan shi kaɗai, a sa masa ma'auni mai rubuta abin da ya auna. In ya faɗo, a ɗauko a karanta. Da faransanci ana ce masa ballon-sonde, wato balan-balan mai bincike. Gugan da Tesaran ya ke nema ke nan.

Tarap

A 1896, yana da shekara 40, ya ajiye aikin gwamnati. Ya tafi wani ƙaramin gari, Tarap, kamar kilometir 30 daga Pari, inda akwai fili shimfiɗaɗɗe. Nan ya kafa gidan bincikensa da kuɗin aljihunsa.

Da gizagizai ya fara. A wannan shekara shi da waɗansu masana biyu, Hildebaranson na ƙasar Suwed da Rigenbak na ƙasar Suwis, suka fitar da wani littafi mai hotunan gizagizai. Sun kasa su iri 10, kowane iri da sunansa. An buga littafin da harshe uku, faransanci da jamusanci da ingilishi, don mai duba a Pari da mai duba a Barlin su kira girgije ɗaya da suna ɗaya. Ku da ku ke karatu da harshe biyu kun san amfanin wannan. Girgijen hadari mai kan uwar maƙera yana ciki, sunansa cumulonimbus.

Sanin suna bai isa ba, sai an san tsawo. Ga yadda su ke yi a Tarap. Mutum biyu su tsaya nesa da juna, an riga an auna tazarar da ke tsakaninsu. Su ɗauki hoton girgije ɗaya a lokaci ɗaya. Kowa ya san yadda ya karkata na'urarsa. Da wannan tazara da waɗannan kusurwoyi biyu, lissafi zai ba da tsawon girgije, ko da ba wanda ya taɓa shi.

Daga nan ya shiga aika ma'aunai sama. Ya yi amfani da abin nan da Faransawa ke kira cerf-volant: sanduna marasa nauyi da aka lulluɓe da ƙyalle, a ɗaure da igiya, iska ta ɗauka. Nasa manya ne, kuma da siririyar wayar ƙarfe a ke riƙe su. Suna kai kilometir kaɗan, amma suna da fitina. Wata rana waya mai tsawon kilometir da yawa ta kubce, ta faɗo a kan birnin Pari, ta sarƙe wayoyin aika saƙo. Ku ƙiyasta irin surutun da aka yi masa. Ga shi kuma ko babu fitina, waya tana da nauyi, ba ta barin a yi nisa. Sai ya mai da ƙarfinsa ga balan-balan.

A nan ya yi wata hikima. Balan-balan na alharini yana da tsada, ba a iya sakinsa kullum. Tesaran ya sa aka riƙa yi masa na takarda. A shafe takardar da wani mai wanda ke toshe ta, a cika ta da idirojen, iskar da tamu ta fi ta nauyi sau 14. Takarda tana da araha, amma ba ta da ƙarfi: in iska ta kaɗa ta sa'ad da a ke cika ta, sai ta yage. Don haka ya gina wata babbar rumfa mai juyawa. Duk inda iska ta fito, a juya rumfa ta ba ta baya, a cika balan-balan a ciki, a fito da shi ta ƙofa a sake shi.

Yanzu mu leƙa cikin kwando. Akwai wani gwangwani wanda aka shafe da kunkunniya, baƙi ƙirin. Injin agogo yana juya shi a hankali. Allurai suna jingine da shi. Allura ɗaya tana haɗe da wani ƙarfe mai lanƙwashewa in zafi ya sāke: ita ce mai rubuta zafi da sanyi. Ɗaya kuma tana haɗe da wani ɗan akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa. A ƙasa iska tana danne shi. In an hau, nauyin iska ya ragu, sai ya kumbura, ya tura allura. Da wannan a ke sanin tsawon da aka kai. Gwangwani na juyawa, allurai na karce kunkunniya, suna barin siraran layuka. Ba a sa tawada, don tawada daskarewa za ta yi.

Saura abu ɗaya: yaya za a sami kwandon? Iska tana iya kai shi kilometir ɗari ko fiye. A jikinsa a ke liƙa takarda mai roƙon duk wanda ya tsince shi kada ya buɗe, ya mayar da shi Tarap, za a ba shi tukuici. Manoma ne yawanci ke tsintarsa, a gona ko a kan itace. Mafi yawan kwandunan sun dawo. Littattafai ba su riƙe sunayen waɗannan manoma ba, amma da sun riƙa buɗewa suna shafa gwangwani da yatsa, da aikin duka ya lalace.

Allura ta ƙi sauka

Tun a 1898 da 1899 gwangwanaye suka fara kawo wani labari wanda bai dace da abin da aka sani ba. Layin sanyi yana sauka, yana sauka, kamar yadda a ke tsammani. Kilometir 5, kilometir 8, kilometir 10. Da an kai wajen kilometir 11, ma'auni yana nuna kamar digiri 55 ƙasa da sifiri, sai layi ya miƙe. Balan-balan yana ci gaba da hawa, sanyi ba ya ƙaruwa. Wani lokaci ma sai ya ɗan ragu. Kilometir 11 ba wani nisa ba ne in a ƙasa ne, kusan tafiyar Maraɗi zuwa Tibiri ce. Amma a tsaye, a lokacin nan, ƙarshen sanin ɗan Adam ke nan.

Tesaran bai yi murna ba. Zargin ma'auninsa ya fara yi, kuma yana da dalili. Tun a 1893 wani balan-balan na Ermit ya nuna irin wannan, masana suka ce rana ce. Ku ajiye ƙarfe a rana, ku taɓa shi: ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. A can sama babu ƙura, babu girgije, rana tana dukan ma'auni kai tsaye. Watakila zafin ƙarfe allura ta ke rubutawa, ba zafin iska ba. Akwai kuma wata matsala. Balan-balan na takarda in ya kusa iyakarsa yana rage sauri, iska ta daina ratsa kwando sosai, ɗumin jakar da kanta yana iya ruɗin ma'auni.

Abu biyu ke gabansa, kowane da nasa haɗari. In ya yi shela, daga baya aka gane rana ce ta ruɗe shi, za a ce ɗan mai kuɗi ya ɓata dukiya a kan wasan takarda, kuma ba wanda zai ƙara yarda da awon Tarap. In kuwa ya yi shiru, ya goge layin ya ce kuskure ne, zai jefar da abu mafi girma da ya taɓa shigowa hannunsa.

Ga abin da ya yi. Tun da rana a ke zargi, sai a cire rana: ya riƙa sakin balan-balan da dare, ya kai sama kafin gari ya waye. Layi ya miƙe kamar dā. Ya kāre ma'auni, ya nisanta kwando daga jaka. Layi ya miƙe. Ya saki da ɗari, ya saki da bazara, ya saki ran da sama ta ke garau, ya saki ran da a ke ruwa. Sai ya ga wani abu wanda ya fi kome ƙarfafa shi. Wurin da layi ke miƙewa ba ɗaya ba ne kullum. In iska mai nauyi ce ke kan ƙasar, ya kan yi sama, har wajen kilometir 12 ko 13. In iska mai sauƙi ce, irin mai kawo ruwa, ya kan sauko ƙasa da 10. Da laifin ma'auni ne, ina ruwansa da halin da gari ke ciki? Abin da ke bin yanayi haka, a cikin iska ya ke.

A 1901 aka sami wata shaida daga Jamus. Mutum biyu, Berson da Zurin, suka hau da kansu har metir 10800. Sun suma, amma sun sauko da rai. Awon da suka yi da hannu ya yi daidai da na balan-balan marar mutum da aka saki a ranar. Masu cewa ba a yarda da gwangwani sai suka rage murya.

Ran 28 ga watan Afirilu 1902 Tesaran ya kai sakamakonsa gaban majalisar manyan masana ta Faransa. Ba awo ɗaya ya kai ba, ba goma ba. Balan-balan 236 ne da suka wuce kilometir 11, a cikinsu 74 sun kai kilometir 14. Takardar da ya gabatar ƴar gajeruwa ce. Shekarun da ya yi yana jira su ne suka ba ta nauyi.

Kwana uku bayan haka, ran 1 ga watan Mayu, wani Bajamushe mai suna Rishar Asman ya ba da irin wannan labari a Barlin. Ba satar aiki ba ce, sun san juna, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Asman da balan-balan na roba ya yi nasa. Roba tana kumbura in tana hawa, ba ta rage sauri, har ta fashe, kwando ya sauko da laima. Nasa awon bai kai na Tesaran yawa ba, amma kayan aikinsa sun fi. Hanya biyu dabam sun kai wuri ɗaya. Shi ya sa a yau a ke ambaton su tare. Kuma robar Asman ce ta ci gaba, takardar Tesaran an daina ta.

Suna biyu

Tesaran ne ya raɗa wa sassan biyu suna. Na ƙasa, inda mu ke zaune, ya kira shi troposphère, daga wata kalmar girkanci mai nufin juyawa. Nan iska ke hawa tana sauka, nan guguwa da hazo da gizagizai da ruwa su ke. Na sama ya kira shi stratosphère, daga kalmar latin mai nufin shimfiɗa, don a can iska kwance ta ke, hawa-hawa, ba ta cuɗanya da yawa.

Yanzu za ku iya gane uwar maƙera. Iska mai ɗumi tana hawa ne muddin ta fi wadda ke kewaye da ita ɗumi, don mai ɗumi ta fi sauƙi. Tana hawa tana hucewa, amma a sashen ƙasa ta kewayen ma tana ƙara sanyi, saboda haka hadari ya ke samun hanya. Da ya iso iyaka, ta kewaye ta daina ƙara sanyi. Nan da nan iskar hadari ta zama ita ce mai sanyi, mai nauyi. Ba ta iya wucewa, sai ta baje. Rufin ke nan. Ba na katako ba ne, ba na laka ba, na ɗumi ne.

Tesaran bai tsaya a kan Faransa ba. Ya so ya san ko rufin nan yana ko'ina. A 1902 da 1903 ya yi aiki a ƙasar Danmark tare da masanan ƙasashen arewa. Daga 1905 shi da wani Ba'amurke mai suna Roc suka aika wani jirgin ruwa, Otariya, cikin tekun Atilantika wajen ƙasashe masu zafi. A can aka tabbatar cewa bisa iskar da ke busowa daga arewa maso gabas, akwai wata a sama mai komawa baya. Daga 1907 kuma aka saki masa balan-balan a Kiruna, can arewacin Suwed, ƙasar ƙanƙara. A 1908 Berson, wanda ya suma a sama shekarun baya, ya zo Afirka ta gabas ya yi awo a tafkin Biktoriya.

Da aka haɗa awon duka, sai wani abin mamaki ya fito. A ƙasashen sanyi rufin yana ƙasa-ƙasa, wajen kilometir 8 ko 9. A ƙasashe masu zafi irin namu yana can wajen kilometir 16 ko 17, kusan nisan Damagaram zuwa Mirya. Tun da iska tana daɗewa tana hucewa kafin ta kai can, sanyin wurin ya kan kai digiri 80 ƙasa da sifiri. Wato a wannan tsawo, saman Tawa ya fi saman ƙasar ƙanƙara sanyi.

Ba kome ne ya gane daidai ba. Ya yi zaton a sashen sama, tun da iska ba ta cuɗanya, ire-irenta za su rabu, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a bisa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ba haka ba ne a wannan tsawo. Kuma bai rayu ya san dalilin da ya hana sanyi ƙaruwa ba. Dalilin wata iska ce mai suna ozon, wadda ke taruwa a can, tana shanye wani kashi na hasken rana mai ƙuna, tana ɗumama wurin. A 1913 waɗansu Faransawa biyu, Fabri da Buwison, suka nuna akwai ta da yawa a sama.

A 1910 aka zaɓe shi cikin majalisar manyan masana. Ya rasu a garin Kan, bakin teku a kudancin Faransa, ran 2 ga watan Janairu 1913, yana da shekara 57. Magadansa suka ba gwamnati gidan binciken Tarap don aiki ya ci gaba.

Bayansa

Babban aibin kwandon Tesaran shi ne jira. Sai ya faɗo, sai an tsince shi, sai an kawo, labari ya zo bayan kwanaki. Ba a iya faɗin yanayin gobe da shi. A 1929, a Tarap ɗin nan dai, wani mai suna Rober Buro ya saki balan-balan ɗauke da ƙaramar na'urar rediyo. Tana hawa tana aiko da awo nan take. Shi ya ba ta suna radiosonde. Yau ana sakin irinta a ɗaruruwan wurare a duniya, yawanci sau biyu a yini, a lokaci ɗaya. Balan-balan yana tashi faɗinsa bai wuce metir 2 ba, yana kumbura har ya yi girman ɗaki, ya fashe wajen kilometir 30. An daɗe ana sakinsu a filin jirgin sama na Yamai.

Da daminar 2006 masana daga ƙasashe da yawa suka zo Nijar don binciken damina ta Afirka ta yamma. A Damagaram, cikin Agusta da Satumba, an saki manyan balan-balan da suka hau wajen kilometir 20. Iska ta ɗauke su yamma, suka ƙetare Afirka suka shiga teku, suna sako ƙananan ma'aunai da laima a kan hanya. A Yamai kuma an saki waɗansu kusa da hadari, ɗauke da na'urori masu auna laimar iska da ƴan ƙwayoyin da ke cikin girgije. Irin wannan na'ura tana haska fitila, ta auna hasken da ƙwayoyin suka mayar mata. Kan uwar maƙera ba ɗigon ruwa ba ne, ƴan ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne. Masanan sun sami waɗansu daga cikinsu har a bisa iyakar da Tesaran ya gano. Ashe in hadarin ƙasarmu ya yi ƙarfi ƙwarai, tsakiyarsa ta kan huda rufin, ta watsa ƙanƙara a sama da shi, sa'an nan ta koma.

An sa sunan Tesaran ga wani rami a kan wata, da wani kuma a kan duniyar Maris. Gidan binciken Tarap yana nan, a hannun ma'aikatar meteyo ta Faransa.